Kuɗin Kafin Alƙalami: Abin Da Ke Tsayar Da Maras Lafiya A Ƙofar Asibiti

 

Hausawa suka ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai dai duk uwargidan da ta taɓa goya yaro zuwa asibiti ta san cewa kafin a kai ga ɗakin likita akwai wata 'yar taga da ake fara tsayawa, wato wurin biyan kuɗi. A nan ake yankar kati, a nan ake biyan kuɗin gwajin jini, a nan ne kuma ake ajiye kuɗin kafin alƙalami idan za a ba da gado ko za a shiga da mutum tiyata. Sau da yawa wannan kuɗi bai kai rabin abin da za a kashe kafin a sallami maras lafiya ba, amma shi ne ke yanke hukuncin ko za a je asibitin yau, ko kuwa za a ce bari a ga zuwa jibi.

A wannan wata ina so mu zauna mu yi lissafin wannan kuɗi na farko: daga ina yake fitowa, wace ɓarna rashinsa ke yi, kuma me uwargida za ta iya tanada tun ana zaune lafiya. Zan ɗauki ƙasar Birnin Gwari a matsayin misali, domin a can ne tsadar magani da nisan hanya da rashin tsaro suka haɗu wuri ɗaya. Amma na tabbata ke da kike Kano ko Katsina ko Maraɗi za ki ga gidanki a cikin bayanin.

Yadda lissafin yake a ƙasar Birnin Gwari

Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce mai faɗin gaske a yammacin Jihar Kaduna, tana da mazaɓu 11, kuma ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Ƙasa ce ta noman masara da dawa, ga kiwo, ga zinare, a cikinta ne kuma Dajin Kamuku yake. Babban asibitinta, wato Asibitin Jibril Mai Gwari, yana cikin gari. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa sai a tura mutum Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120 ta hanyar Buruku, zuwa asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko a zarce Shika a Zariya.

Kowa ya san abin da wannan hanya da wannan daji suka zama na tsawon shekaru. A 2021, a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako a yankin, ta sa aka katse layukan waya, ta kuma hana hawa babur na wasu watanni. Ki kwatanta matar da naƙuda ta kama cikin dare a wani ƙauye na Randagi ko Kakangi a wancan lokaci, babu wayar kiran mota, babu babur. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe, matafiya suka samu sauƙi. Muna roƙon Allah Ya dawwamar da zaman lafiya.

To amma akwai tabon da sulhu ba ya gogewa nan take. A al'adar ƙauye, asusun jinyar gida shi ne saniya ko akuya ko buhun hatsi a rumbu. Gidaje da yawa sun rasa waɗannan, wasu an kore musu dabbobin, wasu sun sayar sun biya kuɗin fansa, wasu sun yi shekaru ba su leƙa gonakinsu na nesa ba. Ga zawarawa da marayu waɗanda mai nema musu ya tafi. Ciwo kuwa bai rage zuwa ba don an rasa abin sayarwa.

Bugu da ƙari, lokacin da ciwo ya fi yawa shi ne lokacin da kuɗi ya fi ƙaranci. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙamari ne a tsakiyar damina, watannin Agusta da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin maigida kuma sun shige taki da 'yan ƙwadago. Mu ƙaddara yaro ɗan shekara uku ya kwana da zazzaɓi. A ranar farko abin da yake buƙata gwajin jini ne na 'yan mintoci da maganin kwana uku a asibitin mazaɓa. Babu kuɗi a hannu, sai a sayo maganin sauke zafi a kemis a ba shi, jiki ya yi sanyi, a ce ya samu sauƙi. Ranar huɗu sai ga jijjiga, tafin hannu ya yi fari fat, jini ya ƙare. Yanzu kuma sai kuɗin abin hawa zuwa gari, kuɗin gado, allurai, ledar jini da gwajinta, abincin mai jinya. Abin da kuɗin kaza zai biya ranar farko ya koma na akuya, ko a karɓi bashin da za a biya da buhun masara a kaka. Wani lokaci kuma a kashe kuɗin a rasa yaron. Allah Ya kiyashe mu.

Har a Amurka ma haka ne

Kada uwargida ta zaci wannan matsala ta talakan ƙauye ce kaɗai. A Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya, akwai wani nau'in inshora da miliyoyin ma'aikata ke ciki, wanda za mu iya kira inshora mai babban kuɗin farko. Yadda yake shi ne, mutum na biyan kamfanin inshora kuɗi kaɗan duk wata, amma da sharaɗin idan ciwo ya zo shi zai fara biya daga aljihunsa har sai ya cika wani adadi a shekarar, sannan kamfanin ya sa hannu. A 2025, mafi ƙarancin wannan adadi shi ne dala 1,650 ga mutum ɗaya, dala 3,300 ga iyali. Ke nan idan jinyar ɗanki ta tashi dala 2,000, ke za ki biya duka, alhali kina biyan inshora kowane wata.

Masu goyon bayan tsarin na cewa idan mutum ya san daga aljihunsa kuɗi za su fita, ba zai riƙa zuwa asibiti a kan kowace atishawa ba, zai kuma nemi inda ya fi sauƙi. Domin taimaka wa mutane su tara kuɗin farkon, a ƙarshen 2003 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba su damar buɗe asusun lafiya na musamman wanda ba a cire masa haraji. Mai albashi mai kauri yana cika asusun ya huta. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa asusun nasa a bushe yake zama.

Tun kafin wannan, wata cibiyar bincike mai suna RAND ta gwada abin a aikace daga shekarun 1970 zuwa 1982. Ta ɗauki iyalai fiye da 2,000 ta rarraba su, wasu magani kyauta, wasu su biya wani kaso, wasu su biya kusan duka har zuwa wata iyaka. Waɗanda aka ɗora wa kaso mafi girma sun kashe ƙasa da na masu kyauta da kusan kashi 30 cikin 100. Sai dai an gano cewa ba su iya bambance zuwan da ya zama dole da wanda bai zama dole ba, duka suka rage. Yawancin mutane masu ƙoshin lafiya ba su cutu ba, amma talakawa masu hawan jini sun fi samun daidaituwar jininsu a rukunin da ba a biya.

Darasin a fili yake, 'yar uwa. Uwa ba likita ba ce, ba za ta iya sanin zazzaɓin da zai wuce da kansa da wanda zai kai ga ƙarin jini ba. Idan aka sa mata shinge a ƙofa, duka biyun za ta zauna da su a gida. Kuma ki lura, su Amurkawan tsarin nasu yana da rufi: a 2025 iyalin da ke irin wannan inshora ba za su biya fiye da dala 16,600 a shekara ba, komai girman jinyar, sannan rigakafi da wasu gwaje-gwajen kariya ba sa jiran kuɗin farko. Mu kuwa da ba mu da inshora ko kaɗan, kuɗin farko namu ne, na tsakiya namu ne, na ƙarshe ma namu ne.

Yaya muka tsinci kanmu a nan?

Iyayenmu suna tuna lokacin da ake shiga asibitin gwamnati a fito da magani ba a biya ko kwabo ba. Bayan karyewar tattalin arziki a shekarun 1980, ƙasashen Afirka suka amince da wani tsari a Bamako a 1987 wanda ya sa jama'a su riƙa biyan kuɗin magani domin a juya kuɗin a sayo wani. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba. Sakamakon haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun maras lafiya da danginsa suke fitowa kai tsaye.

A 2023 abin ya ƙara tsanani. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka. An saki darajar naira a watan Yuni, kuma da yake yawancin magunguna da kayan haɗa su daga waje ake shigo da su, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agusta kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya. Masu ciwon suga da hawan jini da asma da sikila, waɗanda maganinsu na kullum ne, su suka fi jin jiki. Da yawa suka koma raba ƙwaya biyu ko shan magani yau a tsallake gobe, alhali hawan jinin da aka yi wa haka ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki, wanda jinyarsa ta ninka kuɗin ƙwayar sau ba adadi.

Ƙofofin da ke buɗe

Duk da haka akwai ƙofofi, kuma da yawa daga cikinmu ba mu ƙwanƙwasa su ba don rashin sani.

Ta farko ita ce inshorar lafiya ta ƙasa. An kafa dokar NHIS a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma maras lafiya na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Zuwa 2025 waɗanda suka shiga sun kai kimanin miliyan 20, a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200. Idan maigidanki ma'aikaci ne, ki tambaye shi cikin ladabi ko sunanki da na yaranki suna ciki, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya, domin sauran mata da yara sai an ƙara musu rajista daban.

Ta biyu ita ce hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, wadda aka kafa da doka a 2018. Ma'aikatan jiha daga albashi ake cire musu. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu kuwa suna iya biyan kuɗin shekara su shiga, su zaɓi asibitin da za su riƙa zuwa. Kano da sauran jihohi ma suna da irin tasu.

Ta uku ta marasa ƙarfi ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma kusan rabin wannan kuɗi ana biya wa talakawa inshora ne da shi, musamman masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Ta asibitocin mazaɓu ake bi, kuma Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kowace da asibitin da aka ware mata. Gurbin ba ya isar kowa, don haka wadda ta je da wuri da lambarta ta NIN ita ke samu. Bazawara mai marayu ita ta fi cancanta, kuma ita ce sau da yawa labari ba ya isa gare ta. Ki kai mata labarin.

Ta huɗu ta shafi haihuwa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A zaɓaɓɓun asibitoci ake yi, don haka tun wajen awo ki tambayi malamar asibiti wanne ne mafi kusa da ke a cikin shirin.

Sannan akwai dokoki biyu da ya kamata kowane gida a ƙasar Birnin Gwari ya sani. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, wanda ya ƙi kuma zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga nan take, ko da babu takardar 'yan sanda, ko da ba a ajiye kuɗin kafin alƙalami ba. Wannan ba ya nufin ba za a kawo takardar biya daga baya ba, amma ceton rai ne a gaba.

Kada kuma mu manta da abubuwan da kyauta suke: allurar rigakafin yara, maganin tarin fuka, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina.

Sai dai ina jan hankalin uwargida a kan kalmar kyauta. Maƙwabciyarmu Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tsakanin 2005 da 2006. Iyaye suka yi tururuwa zuwa asibiti, yara da dama suka tsira. Amma da gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai magani ya riƙa yankewa, aka koma rubuta wa iyaye takarda su sayo a waje. Saboda haka ko kina da kati, ko shirin kyauta ne, kada ki fita hannu rabbana.

Shin shiga inshora ya halatta?

Wannan tambaya ce da ɗalibaina matan aure ke yawan yi, kuma tana kan hanya. A zamanta na Jidda a 1985, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bambanta iri biyu. Ta ce inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke karɓar kuɗi don neman riba a kan abin da ba a san aukuwarsa ba, akwai garari babba a cikinta, ba ta halatta ba. Ta kuma nuna cewa mafita ita ce inshorar taimakon juna, inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu ɗaya domin a ɗauki nauyin wanda jarrabawa ta samu. Malamai na kafa hujja da Ash'ariyawa, mutanen da idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wa kowa su raba daidai, kuma Manzon Allah (SAW) ya yaba musu a kan haka. A kan wannan tushe ne aka gina takaful, kuma da wannan siffa ta karo-karo aka gabatar da hukumomin taimakekeniya na jihohi. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta sa maigida ya kai takardun shirin wurin malamin da suka amince da shi ya duba musu.

Tambayoyi shida kafin ku biya

Araha ba ta ado. Darasin Amurka ya nuna mana cewa ƙaramin kuɗin wata na iya ɓoye babban kuɗin ranar ciwo. Don haka kafin maigida ya biya ko wane irin shiri, na gwamnati ko na kamfani, ku nemi amsar waɗannan, a rubuce in da hali:

1. Ranar da na zo da ciwo, nawa zan biya daga aljihuna kafin a duba ni, kuma wane kaso na magani ne a kaina?

2. Daga ranar biya, kwana nawa za a jira kafin katin ya fara aiki?

3. Su wa katin ya ɗauka? Mata nawa, yara nawa, har zuwa shekara nawa? Jaririn da aka haifa a tsakiyar shekara fa?

4. Waɗanne cututtuka ne ba ya ɗauka, ko yake ɗaukar wani ɓangare kawai? Ku ambaci tiyata, ƙarin jini, wankin ƙoda da ciwon daji da sunansu.

5. Idan asibitin da na zaɓa ya tura ni Kaduna ko Shika, wace takarda zan riƙe, kuma wa zai ba da izini idan dare ne ko ranar hutu?

6. Idan aka ce babu magani na sayo a waje, za a mayar mini da kuɗina? Wa zan kai wa ƙara?

Tanadin cikin gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa tambayar ajina na matan aure wace ce ke cikin adashin biki ko na kayan ɗaki, kusan kowa ta ɗaga hannu. Da na ce wace ce ta ware wani abu domin ranar ciwo, hannu biyu ko uku kawai na gani. Wata baiwar Allah ta ce ai ajiye kuɗin ciwo kamar kiran ciwo ne. Na ce mata rumbu ma ba kiran yunwa ba ne. Ga abin da nake ba mu shawara:

Na ɗaya, a yi lissafin lafiya da kaka. Lokacin da masara ta shigo gida ne kuɗi ke hannun maigida, to a lokacin za ki zaɓi sa'ar da ransa ke sanyi ki kawo maganar biyan kuɗin shekara na taimakekeniya, ko a ware buhu ɗaya a ce wannan na asibiti ne, ba na biki ba, ba na suna ba. Wanda ya biya a Disamba shi zai shiga Agusta da kwanciyar hankali.

Na biyu, ki yi asusunki na kanki daga ribar ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko kitso. Manufarsa ya ishi kuɗin abin hawa zuwa babban asibiti, da kati, da gwaji, da maganin ranar farko. A inda banki ke da nisa kuma sabis ke ɗaukewa, ki bar wani abu tsaba a wurin da ke da maigida kaɗai kuka sani.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar adashinku ko ajinku na Islamiyya za su iya ware ɗan abu duk mako a asusun jinya daban, da littafi, da mata biyu amintattu masu riƙe shi, da ƙa'ida a fili: rance ne babu ruwa, ana bayarwa ko da tsakar dare, ana mayarwa bayan sallama ko da kaka. Idan asusun ya yi ƙarfi, a biya wa bazawara ɗaya ko biyu kuɗin shekara. Masu fitar da zakka kuma su tuna cewa matalauci da wanda bashin jinya ya danne suna cikin waɗanda ake ba.

Na huɗu, mai ciki ta kammala shirinta tun wata bakwai. A san asibitin da za a je, a riƙe lambar direba ko mai babur biyu, a san rukunin jininta da 'yan uwa biyu da za su iya ba ta jini. Uwa uba, ki nemi izinin maigida tun yanzu cewa idan ciwo ya taso ba ya nan, ki tafi asibiti ke ko yaro ba tare da jiran dawowarsa ba, ya kuma faɗa wa mahaifiyarsa ko ƙaninsa haka da bakinsa. Wadda ƙauyenta ke cikin daji, in da hali ta koma wurin dangi a cikin gari idan watanta ya kama.

Na biyar, a asibiti kada ki ji kunyar tambaya. Ki ce, likita, nawa wannan zai ci, akwai irinsa mai sauƙin kuɗi? Magani ɗaya na iya zuwa da sunayen kamfanoni daban-daban da farashi daban-daban, muddin yana da lambar NAFDAC kuma daga hannun amintacce ya fito. Ki karɓi rasit a kan duk abin da kika biya. Idan an ba yaro maganin kwana uku, ya shanye duka, kada a rage wa ƙaninsa.

Alamomin da ba a jiran kuɗi

Akwai lokacin da za a fita ko da aro ne, ko da jingina ce. Ga yaro: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, aman duk abin da ya shiga ciki, numfashi da sauri ko da ƙyar, barcin da ba ya farkawa sosai, ko fari fat a tafin hannu da cikin ido. Ga mai ciki: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, daina motsin ɗa, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Ga babba: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ko ciwon ƙirji mai tsanani. Waɗannan duk awa ɗaya da aka ƙara a gida tana ƙara kuɗi, tana rage damar tsira.

'Yar uwa, gyaran asibitocin ƙauyukan Birnin Gwari, da mayar da ma'aikatan da suka gudu, da tsare hanya, da faɗaɗa gurbin marasa ƙarfi, haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ya dace mazajenmu da sarakunanmu da wakilanmu su ci gaba da tuna mata. Namu kason shi ne kada ranar ciwo ta same mu ba mu san ƙofar da za mu nufa ba, ba mu da na mota, ba mu da izini. A wannan mako ki leƙa asibitin mazaɓarku ki tambayi yadda ake rajista, ki kuma zauna da maigida ku tsayar da abin da za ku ware da kakar bana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya hore wa mazajenmu abin ɗaukar nauyinmu ta hanyar halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.